Tsibirin da Aka Binne Cibiyoyinku

Ranar sunan ɗan Ummi, bayan baƙi sun watse muna tattara kwanuka, Ummi ta nuna mini cibiyar jaririn da ta faɗi, a naɗe cikin auduga, ta tambaye ni abin da ake yi da ita. Na ce binnewa ake yi. Ta ce, to namu fa, Baba ne ya tafi da su Maraɗi ko? Kafin in buɗe baki, Bashir, kai ka amsa daga bakin ƙofar kicin, da Turanci, ba ka ko dube ni ba. Ka ce ai su kaɗai suka raka shi, tunda matarsa ba ta raka shi ba. Auta ta sunkuyar da kai, ni kuwa na ci gaba da goge farantin da ya riga ya bushe. Ban yi fushi ba. Na daɗe da sanin abin da ke ranka, kuma na san 'yan uwanka ma suna da irinsa, sun dai fi ka iya haɗiyewa. Ubanku ne ya sa na yi masa alkawarin yin shiru har sai ɗayanku ya haifi nasa. To, an haifa. Ga yadda abin ya kasance.

Sai kun fara sanin irin yarinyar da ubanku ya aura. A Fagge na tashi, kuma rabin ƙuruciyata a shagon hayar littattafan soyayya na bakin layinmu na ƙarar da ita. Nakan karɓi littafi da la'asar in ɓoye shi cikin hijabi, in karanta shi a bayan randa inda mahaifiyata ba ta gani, gari na wayewa in mayar in karɓi na biyu. Na zubar da hawaye mai yawa saboda mutanen da ba a taɓa haifa ba. Abu biyu na riƙe daga littattafan nan kamar karatun allo. Na farko, mace ta gari ba ta barin mijinta ya tafi ko'ina shi kaɗai. Na biyu, in wahala ta ƙare, miji yakan ɗauki matarsa zuwa wani tsibiri mai farin yashi, su zauna suna kallon ruwa. A lokacin ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarmu girma ba, amma tsibirin nan na san shi bishiya bishiya.

Ubanku kuwa ɗan Maraɗi ne mai zuwa Kwari sarin atamfa, kuma bai iya zance ba ko kaɗan. In ya zo wurina, labarin ramukan hanyar Jibiya yake ba ni. Na roƙe shi ya riƙa kirana Salma, yadda ake gyara suna a littafi. Ya gwada sau ɗaya, dariya ta ƙwace masa, ya koma Salamensa har ya bar duniya. Wata rana na tambaye shi ko zai kai ni tsibiri in mun yi aure.

"Tsibiri?" in ji shi. "Akwai guda cikin gulbin Maraɗi in ruwa ya kawo. Jakkai ke kwana bisanshi. In kina so sai mu tahi."

Na ɓata rai, na ƙi fitowa zance kwana biyu. Da na fito, ya ce zai kai ni in Allah ya yarda. Wannan ne kaɗai alkawarin soyayya da ya taɓa yi mini, shi ya sa ban manta ba.

Shi ya fara zuwa New York, na biyo shi daga baya, dukanmu da bizar ziyara wadda ta mutu muna nan. Muka zauna a Soundview, a gidan nan mai lif ɗin da ke wari kamar tsohon takalmi. Shi yana da tebur a Fordham Road, yana sayar da tabarau da huluna in ana zafi, safar hannu da mayafin wuya in sanyi ya shigo. Ni ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ummi, kin tuna ranar da kika dawo daga makaranta kika ce malamarku ta ce kusan duk New York tsibirai ne, Bronx inda muke ce kaɗai take manne da ƙasa? Ubanku ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce kin ga, Salame, saura kaɗan da na cika alkawari, gada guda ta hana.

A gida, in an haihu, akan binne mabiyiya a bayan ɗaki, in cibiya ta faɗi ita ma ta bi ta, don yaro ya san inda yake komawa. A asibitin nan ba wanda ya tambaye ni, sun tafi da mabiyiya ban ko gan ta ba. Abin da ya rage mini shi ne ɗan busasshen cibin da ke faɗuwa bayan kwanaki, da maƙalin roba a jikinsa. Na naɗe na kowannenku cikin ƙyallen atamfar da na ɗaura ranar sunansa, na zuba su cikin ƙaramin gwangwanin man zafi, na ajiye a ƙasan akwati. Kakarku Inna, mahaifiyar ubanku, wadda Ummi ta ci sunanta, ba ta taɓa yin waya ta ajiye ba tare da ta tambaya ba.

"Cibin jikokina suna nan? Kar ki bari su ɓace. Na ware musu wuri gindin bagaruwa, kusa da na ubansu."

Nakan ce suna nan, Inna, in mun samu takardu za mu kawo. Takardun ba su zo ba.

Shekarar da ta biyo bayan babbar guguwar nan da ta cika ramukan jirgin ƙasa da ruwa, ubanku ya fara ramewa. Kun san sauran. Ciwon yana cikin hanta, ya kuma riga ya yi nisa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, sannan suka faɗa masa gaskiya. Ya ce to shi zai tafi gida, bai ga Inna ba tun kafin a haifi Ummi, kuma ba ya son a sa shi cikin akwati a loda a ƙarƙashin jirgi kamar kaya. Dukanmu mun san ma'anar tafiyar. Wanda ba shi da takardu in ya fita, ƙofa ta rufe masa shekaru masu yawa, wataƙila har abada. Ga abin da ba ku sani ba: a take na ce masa zan bi shi. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi tunani ba, don tun ina bayan randa na san amsar. Na shirya a raina cewa Ummi ta kusa gama sakandare, za ta riƙe ƙannenta, maƙwabciyarmu Mma Adiza 'yar Kumasi kuma za ta sa ido. Jakunkunan nan da kuka ga an jera a falo kuna zaton duk nasa ne, biyu nawa ne. Zannuwana na ƙasa, na rufe su da jallabiyoyinsa. Bai ce mini e ba, bai ce a'a ba. Yakan dube ni ina ninke kaya, ya ce "bon", wato "to" ɗinsa na Faransanci, ya juya fuskarsa bango.

Wata Lahadi, lokacin da ganye ke zuba, kuna islamiyya, ya ce in sa takalmi mai kauri zai kai ni tsibiri. Na zaci zafin ciwo ne. Amma sai ga abokinsa mai tasi yana jiranmu a ƙasa. A hanya ya gaya mini cewa shekara da shekaru yana sayar wa mutane tabarau a bakin tashar bas ɗin da ke zuwa bakin teku in ana zafi, bai taɓa shiga ba. Ranar da likita ya faɗa masa gaskiya, maimakon ya koma tebur, sai ya hau bas ɗin har ƙarshe. Tun daga nan yake zuwa shi kaɗai. Ni kuwa, da shekaruna da 'ya'yana uku, na riƙa ɗoki kamar amarya. Har na ciro kwalli daga jaka na zizara a madubin mota.

Aka sauke mu a wani makeken filin ajiye motoci wanda babu mota ko ɗaya sai fararen tsuntsayen teku suna tsaye kamar masu zaman makoki. Yashin bakin ruwan ruwan toka ne, gine-ginen duk a kulle. Muka bi gefe har ƙarshe, muka shiga wata 'yar hanya cikin itatuwa. Yana tafiya yana tsayawa, hannunsa a kafaɗata, abin da bai taɓa yi a bainar jama'a ba. Na tambaye shi ina jirgin ruwan da zai ƙetare da mu.

"Kin riga kin ƙetare," in ji shi. "An cike tsakanin da ƙasa tun kahin a haihe mu. Suna ne kawai ya rage."

Wato tsibirin nawa ma ba tsibiri ba ne. Hanyar ta fito da mu bakin ruwa ta ɗaya gefen. Ruwan ya janye, ya bar baƙaƙen duwatsu da laka mai warin kududdufi, da busasshiyar ciyawa a kwance, da robar lemo, da takalmi wari ɗaya. Sama ta yi duhu-duhu ko da yake rana ba ta karkata ba. Ya zauna a kan wani dutse yana haki, ya nuna mini gaɓar da guguwa ta zaftare. A cikin baƙar ƙasar akwai wani farin layi mai kauri, kamar an zuba fasassun tangaran. Da na matsa sai na ga ɓawon kawa ne, wata halittar ruwa mai kama da katantanwa, birjik, wani a kan wani, saiwar itace ta ratsa ta cikinsu.

Ya ce ranar da ya fara zuwa ya tarar da wata ma'aikaciyar wurin mai koren kaya tana yi wa wasu mutane bayani, sai ya bi bayansu yana saurare. A cewarta, tun da can, kafin Turawa, kafin a san da wata ƙasa mai suna Amurka, akwai mutanen da suke zama a nan. Suna kafa bukkoki, suna kamun kifi, suna ɗibar kawa, in sun ci su watsar da ɓawon a wuri guda, iyaye da 'ya'ya da jikoki, har ya taru haka. Na ce ina suke yanzu? Ya ce ciwo ya kashe wasu, an kori wasu can yamma mai nisa, jikokinsu na can. Na ce ya sunan waɗanda suka ci wannan? Ya ce ba wanda ya san sunan ko mutum guda.

"Malam," na ce, "duk shekarun nan ina jira, ashe juji za ka kawo ni?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na riƙa shafa masa baya. Da ya lafa, na tsuguna na ɗauki ɓawo ɗaya da ya faɗo ƙasa. Ya yi kama da makankarin da kakata take kankare ƙanzon tukunya da shi, har bakinsa ya cinye gefe guda, ya zauna daidai cikin tafin hannuna. Kun san halina. Nan take na fara ganin matar. Na ce masa doguwa ce, baƙin gashinta har baya, tana tsugune a nan inda nake tana kankare tukunya, tana ƙwala wa yara kira su fito daga ruwa kafin duhu. Na ce mijinta yana da kwalekwale, wata rana ya ce mata zai yi tafiyar da ba a dawowa. Yana jina, idonsa a lumshe.

"To a littahin naki, ta bi shi?"

"Ta bi shi mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

"Wa ya ci gaba da zuba ɓawon, to? Dubi kaurinshi, Salame. Da duk sun bi mazansu, da bai kai haka ba."

Na juya ɓawon a hannuna. Ya sa hannu cikin aljihun jaket ɗinsa ya fito da gwangwanin man zafin. Ban san lokacin da ya ɗauke shi daga akwatina ba. Ina ganinsa na gane dalilin zuwanmu. Na ce masa wannan na Inna ne, ta ware musu wuri. Ya ce ya sani. Ya ce ya yi ta tunani a kan dutsen nan, teburinsa na Fordham kafin ya sauka Yamai wani ya kafa nasa a wurin, gidan haya ne, ba abin da zai nuna ya taɓa zama a garin nan sai ku uku. Ya ce Inna tana son ku san hanyar Maraɗi, amma ku in an tashe ku daga barci da Turanci kuke amsawa, nan ne gidanku ko mun so ko mun ƙi, kuma ba a barin yara a gida babu babba.

Na yi masa gardama, kada ku zaci ban yi ba. Na ce Ummi ta girma. Ya ce Ummi yarinya ce mai tsoron cika fom ita kaɗai, Bashir yana shekarun da titi ke kiran yaro, Auta ba ta barci sai ta riƙe gefen zanena. Na ce ai watanni ne kawai.

"Zamana ne na watanni," in ji shi. "Naki fa? In na mutu ki zamna Maraɗi kina kallon ɗiyanki cikin waya har ki tsuhwa?"

"Wa zai ba ka ruwa? Wa zai rufe maka ido?"

"Inna na nan. Ita ta ga buɗewarsu."

Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi wa mutanen littafi ba, mara kyan gani, da majina. Bai rarrashe ni ba. Ya karɓi ɓawon da ke hannuna, ya rarrafa sama da gaɓar kaɗan, gindin wata babbar bishiya mai saiwa a waje, ya fara tona. Na ce masa na ga allo a bakin hanya, an hana taɓa komai. Ya ce ɗauka aka hana, shi ƙari zai yi. Ƙasar da tauri, hannunsa kuma ba ƙarfi. Bai kai zurfin yatsa ba ya tsaya, ɓawon ya suɓuce, yana numfashi da baki. Ya dube ni. Na daɗe a tsaye. Da na juya na tafi, ba yadda zai yi, da gwangwanin ya koma aljihu, da ni ma na hau jirgi. Sai na durƙusa na ɗauki ɓawon na ƙarasa ramin.

Muka kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Na Ummi kore mai zanen ganye, na Bashir ruwan ƙasa, na Auta shuɗi. Ya ce roba ba ta ruɓewa, kada mu bar wa mutanen nan shara, sai ya ɓalle maƙalan ya mayar cikin gwangwani. Muka sa cibiyoyin, ya yi addu'a a kan kowanne da sunansa, ya roƙi Allah ya sa ƙasar nan ta karɓe ku, ta fi yadda ta karɓi masu ita. Na mayar da ƙasa, na danne da tafin hannu, na baza busasshen ganye a kai. Sannan muka koma kan dutsen muka zauna muna kallon ruwa yana dawowa a hankali yana rufe laka. Da a littafi ne, a nan zai kira ni Salma. Abin da ya ce shi ne, Salame, sanyi ya fara shiga ni, mu tahi.

A hanyar komawa mota ya sa ni alkawarin. Na ce me ya sa ba za a gaya musu ba? Ya ce in kuka san saboda ku na bar shi ya tafi shi kaɗai, za ku ɗauki abin a ka har ku girma da shi. Ya ce musamman Bashir, mai riƙo ne, gara ya ji haushin uwarsa tana kusa da shi tana ba shi tuwo, da ya ji haushin kansa. Washegari da kuka tafi makaranta na zare zannuwana daga ƙarƙashin jallabiyoyinsa na mayar durowa. Ranar tafiya, Bashir, ka tuna ka ɗauki gwangwanin a kan tebur ka girgiza, ya yi ƙara, ubanka ya ce ajiye, na Inna ne. Robobi ne ka ji.

Bai kai azumi ba. Ƙanensa ne ya kira ni da hantsi, ina gidan wata tsohuwa a Parkchester ina ba ta kunun hatsi da cokali. Na ajiye waya na ƙarasa ba ta, don ba ta iya riƙe cokali, sannan na shiga banɗakinta na kunna famfo. Takabata a jirgin ƙasa mai lamba shida na yi ta, zuwa aiki da dawowa. Mma Adiza takan kawo mana wake da shinkafa ta zauna tare da ni. Inna kuwa, ranar da ta buɗe gwangwanin a gindin bagaruwa ta ga roba uku, ta ɗauka ni na hana. Ya yi mata bayani, ba ta yarda ba, ta ce Bakanuwa ta riƙe mata jikoki ta turo mata ɗa ya mutu. Ba ta sake karɓar wayata ba har ta rasu. An ce ta binne robobin duk da haka. Ban san da wane gefe ya kwanta ba, ban san abin da ya faɗa na ƙarshe ba, ban taɓa ganin kabarinsa ba sai a hoton da aka turo, tudun jar ƙasa da fasasshiyar tukunya a kai. Tun daga shekarar ban sake iya karanta littafin soyayya ba. Nakan buɗe, in na iso inda jaruma take haɗa kaya za ta bi mijinta, sai in rufe.

Ba na cewa abin da muka yi daidai ne. Akwai safiyar da nake tashi ina ganin da na bar ramin nan rabi. Sannan in tuna ranar da na je na tsaya a bakin makarantar Bashir har ya fito, na raba shi da yaran titin da suka fara jan shi, da ranar da Auta ta yi zazzaɓin da ya kai mu asibiti. Ban iya auna su ba, na daina gwadawa.

Bara na koma tsibirin ni kaɗai, lokacin zafi, a bas ɗin da ke tashi daga gaban inda teburinsa yake a da. Wani yaro ɗan Tawa ne a wurin yanzu, tabarau yake sayarwa shi ma. Na bi hanyar cikin itatuwa na fito bakin ruwa. Dutsen yana nan. Amma ruwa ya ƙara cin gaɓar, bishiyoyi biyu sun faɗi, na yi ta zagaye ban iya cewa ga gindin da muka tona ba. Farin layin ne dai yake nan cikin baƙar ƙasa. Kuna can wani wuri a cikinsa ko kusa da shi, tare da mutanen da ba a san sunansu ba.

Ummi, kada ki yar da audugar nan, ki naɗe ta cikin atamfar da kika ɗaura ranar suna. Gwiwata ba ta son tafiyar yanzu, sai an riƙe ni. Bashir, kai ke da mota.